Gidan Tsoho Kuroiwa

"Ni ban yi komai ba," in ji Fumie, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙarfen gadon asibiti. "Ni wace ce? Kawai dai da ban lura ba, da yanzu zaman makoki ake yi."

"To ai kin faɗa!" in ji Balaraba da guntun Japanancinta. "Iya, ki bar sunkuye-sunkuyen nan, ki fito fili ki ce gidan kike so. Ni dai ina so, kuma ga ƙafata nan a kumbure."

"Ayya, sannu da ƙafa," in ji Fumie, ta ƙara sunkuyawa. "Allon da kika fasa shi ma muna yi masa sannu."

Tsoho Kuroiwa yana kwance yana kallon silin, ya san shi ya jawo. Shekararsa tamanin da huɗu, arba'in daga ciki a ofis ɗaya ya yi su a birnin Osaka, kullum yana cewa zai yi aure idan aiki ya lafa. Aiki bai lafa ba sai da haƙoransa suka zube. Ba mata, ba ɗa, ba jika. Abin da yake da shi kawai gidan kakanninsa ne can ƙauye a gindin dutse, da gonar shinkafa a bayansa. Samarin ƙauyen duk sun gudu birni, makaranta ta rufe, gidaje suna ruftawa ɗaya bayan ɗaya. Babban tsoronsa ya mutu nasu ma ya rufta. Shi ya sa yana farfaɗowa ya ce ya ba da gidan ga wanda ya ceci ransa, da sharaɗin ya zauna a ciki, kuma ba a rabawa. Bai san mutum uku ne suka cece shi ba. Ga yadda aka ba shi labari.

Fumie ita ce mai kawo masa kindirmon kamfani a 'yar roba, kan keke, shekara goma sha ɗaya. A benen da yake zaune mai hawa tara, mutum yana iya shekara ashirin bai san sunan na kusa da shi ba, don a wajensu damun maƙwabci babban abin kunya ne. Amma ita ta san abu ɗaya: kullum ƙarfe tara da minti goma za ta tarar da robar jiya a wanke, a kife a bakin ƙofa. Ran nan, ana wani zafi mai narka kwalta, babu roba. Ta danna ƙararrawa sau ɗaya, ta ba ƙofar haƙuri. Ta sake dannawa, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Shiru. Sai ta bar kekenta da kayan mutane a rana, ta ruga ta kira mai kula da benen. Da ba ta damu da robar nan ba, babu wanda zai nemi tsohon sai wari ya fito.

Balaraba kuwa 'yar Funtuwa ce, ta zo karatun noma, ɗakinta yana manne da nasa ta dama. Ita kaɗai ce a benen take gaishe da mutane har ta tambayi iyali, suna amsawa suna ja da baya. Ta fito ta tarar da mai kula da bene riƙe da maɓalli a hannu ɗaya, takarda a ɗayan, yana bayani cewa ba a buɗe ɗakin mutum sai ɗan'uwansa ya sa hannu.

"Ba shi da kowa," in ji Balaraba.

"Shi ne matsalar," in ji shi, cikin ladabi.

Ta koma ɗakinta ta fita baranda. Tsakanin barandarta da ta tsohon akwai wani siririn allo, an rubuta a jikinsa a fasa idan gobara ta tashi. Mai kula da bene ya biyo ta yana haki. "Baiwar Allah, ai ba gobara ake yi ba!"

"Ka rubuta an yi," in ji ta. Ta tattare zani, ta yi bisimilla, ta ɗirka wa allon ƙafa. Ta tarar da tsohon a ƙasa, jikinsa kamar garwashi, ga na'urar sanyaya ɗaki a kashe, wai yana tattalin wuta. Da ba ta fasa ba, da har yanzu ana neman mai sa hannu.

Ta uku ita ce Chizuru, ɗakinta ta hagu. Tun da wani shugabanta a wajen aiki ya kunyata ta a gaban jama'a, ta shige ɗaki ta rufe, shekara tara ba ta taka waje ba. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mata. Irinta suna da yawa a ƙasar. Ba abin da take yi sai karance-karance a kwamfuta, daga kiwon zuma har taimakon gaggawa. Ta jiyo Balaraba ta buɗe ƙofar tsohon tana salati da ƙarfi tana kiran a kawo ruwa. Chizuru ta tsaya a bayan ƙofarta. Sannan ta murɗa. Ta shigo ba takalmi, ta tarar Balaraba ta ɗago kan tsohon za ta ɗura masa kofi guda, Fumie tana riƙe masa baki. Ta doke kofin. "Zai shaƙe," ta ce, da wata murya kamar tsohon ƙyaure. Ta kwantar da shi a gefe, ta kwaso ƙanƙara ta cusa masa a wuya da hammata, ta sa su fifita, ta kira motar asibiti. Likita ya ce da ruwan nan ya shiga, ko kuma da an bar jikin da zafinsa, da gawa za a kawo masa.

Yanzu ga su nan, kowace da buƙatarta. Fumie ta gaji da ɗakin hayar da in ta miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Balaraba tuni ta gama lissafin inda za ta shuka kuɓewa da yakuwa. Chizuru kuwa ta koma ɗaki ta rufe, amma wayar tsohon ta yi ƙara, ya sa tabarau ya karanta saƙonta a fili: "Na ji an ce babu mutane a ƙauyen. Ina so."

"Baba, ka yanke mana," in ji Balaraba.

"Kada ka wahalar da kanka saboda ni," in ji Fumie. "Shekara goma sha ɗaya ai ba komai ba ce."

Kuroiwa ya ajiye wayar. Sai wani tsoho a gadon kusa, wanda kowa ya ɗauka barci yake, ya janye labule ya ce, "Ku bar wa birai. Ƙauyenmu su muka bar wa, har sun fi mu zuwa taro."



To jama'a, tsoho Kuroiwa har yau yana kwance da maɓallin gidan a ƙarƙashin matashi. Da wadda ta lura, da wadda ta fasa, da wadda ta fito, wace ce zai miƙa wa?