Yadda Na-Yara Ya Zama Mai Rikoda

A unguwar Sabon Gari ta Wudil an yi wani malamin firamare mai suna Hashimu, wanda Allah ya ba baiwa iri biyu. Yana da murya, yana kuma da hannun zane. In ya ɗauki ɗan kuntiginsa na gwangwanin kifi ya fara kaɗawa, yaron da aka aika sayen manja sai ya manta da kwalba. In ya ɗauki alli ya zana akuya a allo, har kana jiran ta yi kuka. Saboda haka mutanen gari suka laƙaba masa suna Na-Yara. Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Hashimu yana da gajen haƙuri, kuma yana matuƙar son manya su yabe shi. Yabon yaro ɗari bai kai masa "madalla" ɗaya daga bakin mai babbar riga ba.

Ga yadda yake aikinsa. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, yara su kewaye shi. Ba ya zuwa da waƙa cikakkiya, rabi yake kawowa. Sai ya rera baiti ya yi shiru, ya bar yara su nemo amshi da kansu. Wani ya jefo wannan, wata ta jefo wancan, a yi ta musu da dariya. Amshin da ya ji ana yi a bakin rijiya washegari, shi yake riƙewa. Haka ma zane. Yakan baza takardu a kan tabarma ya ce su faɗi abin da suka gani.

"Malam, wannan ai ba jaki ba ne," in ji wata yarinya mai suna Lubabatu, wadda ta fi kowa baki a cikinsu. "Kare ne ya ari kunnen zomo."

Sai Hashimu ya ɓata rai na ɗan lokaci, sannan ya yage takardar ya sake. Ta haka ya haɗa littafinsa na farko, labarin wani kwaɗo da ya fito daga kogi ya tafi kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a wai zai sayi sa. Littafin ƙarami ne, takardarsa ma ba ta da kyau, amma waƙar da ke ciki ta zaga daga Wudil har Dagumawa:

Kwaɗo ya je kara,
Da me zai biya?
Ya taya bajimi,
Da me zai biya?

A cikin wannan hali aka shiga shekarun da kuɗin mai ya malalo ƙasa. Ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin da ake kira kuɗin Udoji, babura suka cika titi, kowane shago rediyo na kuka. Gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, aka yi ta gina azuzuwa, amma babu littattafan da za a sa a ciki. Ran nan sai ga wata doguwar mota ta tsaya a gindin tsamiya. Wani Alhaji Maikano ne, wakilin wani kamfanin buga littattafai, ya zo neman Na-Yara.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da aiki da gajiyar hanya, Alhaji ya shiga magana.

"Malam Hashimu, mun ga ɗan littafinka. Muna son guda shida irinsa, masu launi, kowanne da kaset ɗin waƙoƙinsa. Kafin a buɗe makarantu muke so. Manyan ma'aikatar ilmi ne za su saurara da kunnensu."

"Ranka ya daɗe, an gama," in ji Hashimu, tun bai tsaya ya yi tunani ba.

Alhaji ya sa direba ya sauke masa rikoda sabuwa fil cikin kwalinta, da kaset-kaset da batura, ya tafi.

Da Hashimu ya shiga gida yana ta washe baki, matarsa Saudatu ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, wancan ɗayan ma sai da ya ci maka damina da rani. Shida kafin a koma makaranta? Ka roƙe shi ya bar ka ka yi biyu mana."

"Ke ba ki san zamani ba," ya ce. "Yanzu komai da gudu ake yi. Wanda ya tsaya, a bar shi a tasha."

"To, Allah ya taimaka. Amma dai sauri ya haifi nawa."

Washegari ya fito da rikoda gindin tsamiya. Yara suka yi cincirindo, kowa na son ya taɓa. Ya jera su, ya danna maɓalli, aka yi waƙa. Da aka gama ya mayar da kaset baya ya kunna. Yaran suka ji muryoyinsu suna fitowa daga akwati, murna kamar su tashi sama. Shi kuwa Hashimu abin da ya ji daban ne. Ya ji tarin wani yaro, ya ji akuyar maƙwabta, ya ji wata ta shigo amshi kafin lokaci, ya ji mai tallan ƙosai tana wucewa. Duk waɗannan suna nan kullum, bai taɓa damuwa da su ba. Amma yau sai ya tuna manyan ma'aikata zaune a ofis mai sanyi suna sauraron wannan hayaniya, kunya ta kama shi tun daga ƙafa.

"A sake," ya ce. "Kar wanda ya yi tari. Kar wanda ya motsa."

Aka sake, aka kuma sakewa. Yaran da suka saba waƙa suna tsalle aka ce su tsaya kamar turaku. Muryoyinsu suka dusashe, fuskar Malam kuma sai ƙara ɗaurewa take. Aka yi kwanaki ana wannan fama. Wata rana dai abin ya fara daidaita, an kusa kai ƙarshen waƙa babu ko tari, sai zakaran gidan ya hau katanga ya yi cara daidai inda amshi zai shigo. Lubabatu ta toshe baki da hannu biyu, amma ina, dariya ta ƙwace mata, sauran suka bi.

Hashimu ya miƙe a fusace. Ya kama kunnen yarinyar ya murɗe har sai da ta durƙusa, ɗan kunnenta ya faɗi a ƙasa.

"Shiru!" ya daka musu tsawa. "Shiru na ce! Ku tashi ku ba ni wuri, marasa tarbiyya. Daga yau kar in ƙara ganin ƙafar kowa a ƙofar gidan nan."

Yaran suka watse. Lubabatu ba ta yi kuka ba. Ta tsinci ɗan kunnenta, ta dube shi sau ɗaya, ta tafi.

Daga nan aiki ya yi sauri, gaskiya ne. Hashimu ya ɗauko 'yan amshi uku daga Kano, manya masu gemu, ya rufe ƙofar zaure. Ba tari, ba dariya, zakara ma an yanka shi. Ya rubuta baitoci dogaye cike da manyan kalmomi irin waɗanda yake jin za su burge ofis, kan muhimmancin ilmi da ci gaban ƙasa. Zane kuwa, tunda babu mai cewa jaki ya zama kare, duk abin da ya zana daidai ne. Ya riƙa kwaikwayon hotunan mujallun waje, yara da takalma sau-ciki suna wasa a kan ciyawa mai laushi. Kafin a buɗe makarantu ya miƙa littafi shida da kaset shida.

Littattafan suka fito da bango mai sheƙi, sunansa da manyan baƙaƙe. Aka shirya taron ƙaddamarwa a filin wata makaranta a Wudil. Aka kafa rumfa, manya suka zo daga Kano, aka jero 'yan makaranta cikin rana. Hashimu ya sha sabuwar shadda. Da aka kira shi ya hau dandamali, ya kaɗa kuntigi, ya rera baitin farko na sabuwar waƙa, sannan ya yi shiru ya miƙa hannu wajen yara kamar yadda ya saba.

Babu wanda ya amsa. Ba ƙeta suka yi ba, yawancinsu ma daga ƙauyuka aka kawo su. Waƙar ce ba ta da ƙofar da yaro zai shiga. Amshin ya fi numfashinsu tsawo, kalmomin sun fi bakinsu nauyi. Ya sake rerawa ya sake miƙa hannu, suka yi ta kallonsa. Daga ƙarshe wani hedimasta ya ɗaga bulala ya ce a tafa, aka tafa. Hashimu ya sauko gumi ya jiƙa shaddar, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

An raba littattafan a makarantu, tunda an riga an saya. Malamai suka gwada su, suka ga yara na hamma, suka mayar cikin kabad. Alhaji Maikano bai sake tsayawa a gindin tsamiya ba, ya sami wani mai zane a wani gari.

Bayan 'yan watanni, Hashimu na dawowa daga masallaci sai ya ji waƙa a wani lungu. Ya tsaya, domin kunnensa na mawaƙi ya gaya masa wannan waƙa ce mai rai. Ya leƙa. Yara ne suka yi da'ira, ɗaya na tsakiya ya rungume gwangwanin madara a matsayin akwati, ya kumbura kumatu ya haɗe gira. Suna cewa:

Mai Rikoda zai yi waƙa,
Shiru!
Akuya kar ki yi kuka,
Shiru!
Zakara kar ka yi cara,
Shiru!

Duk sanda aka ce "shiru" sai kowa ya daskare da yatsa a leɓe. Wanda ya fara dariya, na tsakiya ya bi shi ya ja masa kunne. Suna yi suna faɗuwa ƙasa don daɗi. Hashimu ya san ko shi a kwanakinsa na ƙwarai bai taɓa yin amshin da ya kai wannan kama baki ba. Ya koma gida ta wata hanya.

Saudatu ta ga yadda ya shigo, ta gane ya ji. Ita ta daɗe da ji.

"Malam, abin nan fa yana da magani," ta ce. "Ka je gidan su Lubabatu ka ba ta haƙuri a gaban 'yan uwanta. Yara ba su da riƙo. Ka yi yau, gobe suna gindin tsamiya."

"Ni? In je in durƙusa wa yarinyar da na haifi kamarta? Garin nan su ce me?"

"Ai abin da za su ce sun riga sun sa shi a waƙa."

Bai je ba. Abin da ya yi shi ne ya sayi alewa ya zauna a gindin tsamiya da kuntigi, yana jira su zo da kansu ba tare da an ta da maganar ba. Suka zo, suka karɓi alewa, suka ce an gode, suka ruga. Ya gwada haka sau da dama, sannan ya naɗe tabarmarsa ya rataye kuntigi a ƙusa. Ya ci gaba da koyarwa a aji kamar kowane malami. Shekaru suka wuce, kuɗin mai ya ja baya, Lubabatu ta girma ta bar gari, damar ba da haƙurin ta tafi tare da ita. Wasan kuwa bai mutu ba. Yaran da suka ƙirƙire shi suka bar wa ƙannensu, ƙannen suka bar wa na bayansu, har aka zo kan waɗanda ba su san a kan wa aka yi shi ba.

Allah ya ba Hashimu 'yar auta mai suna Indo, wadda yake ji da ita kamar ransa. Wata ranar Asabar da hantsi yana zaune a tsakar gida yana gyara makin jarrabawa, Saudatu na daka, sai Indo ta shigo a guje ta kama hannunsa.

"Baba, zo ka zama mana Mai Rikoda. Kowa ya ƙi, wai sai dai ni, ni kuma ba na so."

Taɓaryar Saudatu ta tsaya a cikin turmi.

"Me ya sa ba kya so?" ya tambaye ta a hankali.

"Mugu ne mana. Wani mutum ne aka yi a da can, ba ya son yara. In ya ji yaro ya yi dariya sai ya cire masa kunne."

Hashimu ya ajiye takardun da ke cinyarsa.

"Yana son su, Indo," ya ce. "Wallahi yana son su. Haƙuri ne ba shi da shi."

"Kai ka san shi, Baba?"

"Na san shi."

"To zo ka yi mana, tunda ka san yadda yake yi."

Ta ja hannunsa, ya kasa tashi. Da ta gaji ta sake shi ta fita da gudu. Jim kaɗan ya jiyo muryarta a waje, ta fi ta kowa zaƙi, tana ba da waƙa sauran na amsawa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk sana'ar da kake yi, ka san su wa suka ɗora ka, kada ka kore su don neman yabon waɗanda ba su san wahalarka ba. Gaggawa ta sa Hashimu ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin lokacinsa, fushin minti ɗaya ya raba shi da abokan aikinsa na gaskiya, girman kai kuma ya hana shi furta kalmar da za ta gyara komai tun ana iya gyarawa. In ka yi wa wani laifi, ko yaro ne, ba shi haƙuri tun yana kusa. Kada ka raina ƙarami, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma sunan da yara suka ba ka ya fi wanda aka buga a bangon littafi daɗewa.