Ranar da Sallau Ya Tsare Ƙofarsa

An yi wani mutum a wani gari, a shekarun da maganin cutar ƙanjamau ya fara isowa asibitocinmu, ana ce masa Sallau. Gyaran takalma yake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Bawan Allah ne marar yawan magana. Yana ɗauke da cutar, matarsa Indo ma haka, sun karɓi ƙaddara suna shan maganinsu.

A garin akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar, suna taruwa a bayan asibiti ranar karɓar magani. Shugabanta Malam Maikano ne, mai shagon yadi, shi ma yana ɗauke da cutar amma yana ɓoye wa mutanen gari. Shi ya kafa ta, shi ke magana da likitoci, shi ake ajiye wa kujera. To ku saurara, 'yan'uwa. Labarin na Sallau ne, amma ta cikin zuciyar Maikano za mu leƙa mu gan shi.

Abin da ke cin Maikano shi ne, idan jikin wani ya rikice, ba shugaba ake aika wa ba, Sallau ake kira. Idan mace ta rasa miji, Sallau ne zai fara isa. Ko'ina sai ka ji ana cewa, "Allah ya saka wa Sallau." Maikano yana ji, yana murmushin yaƙe. Yakan ce a ransa, ni na kafa, ni na sha rana, ni na yi ta zarya a ofisoshi. Shi kuwa me ya ajiye ban da zare da basilla?

A cikin ƙungiyar akwai ɗan daudu guda. An haife ta namiji, an raɗa mata Iliya, amma tun tasowarta mace take jin kanta, tana ɗaura zane, tana tuƙa tuwon sayarwa a tashar mota. Mutanen gari "shi" suke cewa. Sallau ya tambaye ta wane suna take so a kira ta da shi, ta ce Kulu, bai ƙara kiranta da wani ba. Ni ma yadda ya kira ta haka zan kira ta.

A bencin asibiti ba mai zama kusa da Kulu sai Sallau. Idan ta gaida Maikano takan durƙusa ta ce "ranka ya daɗe", idonta a ƙasa. Idan ta hango Sallau kuwa, fuskarta ta washe, ta ce "Yaya". Maikano ba ya son zama kusa da ita, amma wannan "Yaya" ɗin yana sukarsa. Kun ji halin hassada. Abin da ba ka so ma, ba ka son wani ya samu.

Sai lokacin zaɓe ya zo. Wani ɗan takara, ba rijiya a bakinsa, ba hanya, ba makaranta, ya hau bayan mota ya ce 'yan daudu ne suka kawo wa gari cuta da tsiya, idan ya ci zai share su. 'Yan bangarsa suka faɗa tasha, suka fasa tukwanen Kulu, suka zubar da miya a ƙasa. Mai gidan da take haya ya watso mata kaya waje. Ranar karɓar magani ta zo, ba a gan ta ba.

A taron ranar Maikano ya miƙe ya ce, "Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya. Idan muka riƙe irin su Iliya, da mu za a haɗa. Ɗan takarar nan ya yi mana alkawarin ofis. Gara mu cire shi daga cikinmu."

Sai Sallau ya ce, "Malam, cutar da ke jikinta ita ce a jikina. Idan ta bar shan magani mutuwa za ta yi."

Wata dattijuwa ta tambaya, "Tana ina yanzu?"

"Tana gidana. Indo ta share mata ɗaki."

Dattijuwar ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Duk wurin aka amsa da amin. Aka watse ba wanda ya goyi bayan shugaba. Wannan amin ɗin ya bi Maikano har shago.

Ku saurara da kyau. Maikano bai tashi ya je ya kai ƙara ba. Mai hassada ba ya son ya ga hannunsa a cikin ɓarna. Shugaban 'yan bangar ne ya zo shagonsa sayen yadin kamfen. Maikano yana aunawa, ya ce kamar da wasa, "Kuna ta sharar gari, ga wanda kuke nema can a gidan Sallau mai takalma, ana ba shi tuwo."

Bayan azahar 'yan bangar suka nufi gidan Sallau da gorori. Maikano ya rufe shago ya bi su daga nesa, ya laɓe a kwanar lungu. So yake ya ga Sallau ya tsorata, ya miƙa ta, kowa ya san shi ma mutum ne kamar kowa.

Sallau ya ji tahowarsu. Ya ɗauko kujerar aikinsa ya ajiye a bakin zaure ya zauna.

Shugabansu ya ce, "Fito mana da ɗan daudun."

Sallau ya ce, "Baƙuwata ce, kuma ba ta da lafiya. Ba zan fito da ita ba."

"Za ka tashi ko sai mun tashe ka?"

"Sai dai ku tashe ni."

Suka rufe shi da duka. Ya riƙe dokin ƙofa da hannun damansa, suka sa gora suka karya hannun, ya riƙe da na hagu. Indo ta yi kururuwa, matan maƙwabta suka fito, limamin unguwa ya iso yana tsawata musu. Da suka ga jama'a ta taru sai suka ja da baya. Amma suna tafiya shugabansu ya ɗaga murya ya ce, "Gidan 'yan ƙanjamau ne. Ai shugabansu Maikano mai yadi ne ya faɗa mana."

A magana ɗaya gari ya san cutar da Maikano ya daɗe yana ɓoyewa, ya kuma san amanar da ya ci. Masu sayen yadi suka ɗauke ƙafa. 'Yan ƙungiya suka daina gaishe shi. Kunya ta hana shi taka asibiti, magani ya ƙare, jiki ya fara zubewa, tari ya kwantar da shi.

Wata safiya aka yi sallama. Sai ga Sallau, hannu a karan ɗori, Kulu tana bayansa.

Maikano ya juya fuska bango. Ya ce, "Ka san ni ne."

Sallau ya ce, "Na sani."

Kulu ta ce, "Ni ban yafe ba tukuna, Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san abin da rashin magani yake yi wa mutum. Tashi mu je."

Maikano ya juyo ya duba fuskar Sallau yana neman ko ɗigon gaba, bai samu ba. Ko a lokacin, 'yan'uwa, ko a lokacin sai da ya ji wani abu ya soke shi. Ya ce, "Sallau, har yanzu haushinka nake ji. Kai yaya kake yi ne?"

Sallau ya ce, "Ba na yin komai, Malam. Sa rigarka, layi zai yi tsawo."

Suka sa shi a tsakiya suka ratsa kasuwa da rana tsaka, ana kallonsu, har asibiti. Maikano ya warware. Kulu ta sake ɗora tukunya a tasha. Ɗan takarar ya ci zaɓe, bai ƙara tuna maganar ba, da wani zaɓen ya zo ya nemo wasu ya ɗora musu laifi. Hannun Sallau kuwa bai koma daidai ba har ya bar duniya.

To ga darasin, 'yan'uwa. Hukuncin bayi na Mahaliccinsu ne. Abin da za a tambaye ka shi ne marar lafiyan da aka koro ya tsaya a ƙofarka, me ka yi masa. Kuma wanda ya koya maka ƙin maƙwabcinka don ya sami ƙuri'arka, gobe kai zai nuna wa wasu. Idan ka ji ana sa wa ɗan'uwanka albarka ƙirjinka ya yi zafi, kada ka je ka haƙa masa rami, je ka tambayi aikin da ya yi, kai ma ka yi. A unguwarku akwai wanda ake matsawa idan ya zauna a benci. Kun san shi, kun san sunan da yake so a kira shi. Idan kun tashi daga nan, ku je ku zauna kusa da shi.