Yadda Aka Mayar da Iya Marka Rafin Kanya

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba ta zamanin kakanni ba ce, ta kwanan nan ce, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, don ni dai na kasa.

Akwai wani gari da ake kira Rafin Kanya. Yau in ka je nemansa ba za ka same shi ba, domin tun da aka gina madatsar ruwa aka tashi mutanensa, ruwa ya hau kansa. Wasu aka ba su fili a kan tudu suka kafa Sabuwar Kanya, wasu suka nufi birane, wasu har ƙasashen waje. A cikin waɗanda suka yi wayo a tsohon garin kaɗan suka rage, kuma babbarsu ita ce Iya Marka. Tsohuwa ce mai barkwanci da son goro, tana zaune a Sabuwar Kanya cikin rufin asiri, jikoki na shiga suna fita. Abu ɗaya ke damunta, idanunta sun yi rauni, irin raunin da likita ya ce ba ya komawa baya. Launi ya daina rarrabuwa gare ta, mutum ma sai ya yi magana take gane shi. Abin da ya rage mata shi ne haske da inuwa.

Jikokin garin, waɗanda ba su taɓa taka shi ba, sun daɗe da sake gina shi a intanet. Kun san irin duniyoyin nan da mutum ke shiga ta waya ko kwamfuta, a ba shi ɗan mutum-mutumi yana yawo da shi, yana haɗuwa da jama'a ana gaisawa da murya. A irin wannan suka kafa Rafin Kanya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan garin da ke Legas da na Agadas da wadda ke aure a Jidda duk sai su hallara a dandali. A nan ake sanar da haihuwa, a nan ake ta'aziyya, a nan ake sasanta waɗanda suka saɓa. Zanen garin kuwa ba abin a zo a gani ba ne. Ɗakuna kamar akwatin ashana, itatuwa kamar an kifa ƙwarya a kan sanda, rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa. Amma kowace irin waya tana buɗe shi. Iya Marka ba ta fashin wannan taro, sai dai in ta kai wayar kusa da ido ba ta ganin komai sai toka-toka. Takan ce, "Ni kunnena ke zuwa gida, idona yana nan tsare da ɗaki."

Ana nan sai masu kula da wannan duniya suka fito da sabuwar fasahar zane. Da ita na'ura ke lissafa yadda haske ke sauka a kan bango, yadda yake ratsa ganye, yadda yake wasa a kan ruwa. Inda kuma ba a gaya mata komai ba, sai ta cike gurbin da abin da ta ga ya dace. Aka ba kowane gari zaɓi, ya koma sabuwar ko ya zauna a tsohuwar. Daga nan gardama ta tashi, kuma jikokin Iya Marka uku ne a kan gaba.

Sallau, wanda ke aiki a Kano a ofishin masu zanen gine-gine, ya ce a koma sabuwar. A ganinsa abin kunya ne a riƙa nuna wa yara akwatin ashana ana ce musu ga garin iyayenku. Barira, wadda ta karanta kwamfuta ta dawo Sabuwar Kanya tana harkar sola da gyaran waya, ta ce ba ta yarda ba. Sabuwar tana da nauyi, sai mai babbar na'ura da sabis mai ƙarfi zai iya shiga, mutanen ƙauye da ƙananan wayoyinsu za a rufe musu ƙofa. Tanimu, malamin tarihi a wata kwaleji, shi ma ya ƙi, amma dalilinsa daban. Ya ce tsohon zanen bai yi kyau ba, amma ba ya ƙarya, kowa ya san kwatance ne. Sabon kuwa zai ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba, ya yi masa kyan da yara za su rantse haka garin yake.

Kowa ya sami mabiya. Juma'a bayan Juma'a ba a zancen komai sai wannan, har wasu suka fara cewa a kafa gari na biyu, masu son sabo su tafi can. Wannan magana ce ta hana Iya Marka jin daɗin goronta. An riga an watsa su sau ɗaya, ba ta son ta ga na biyu da ranta. Da aka sake taruwa ta nemi a saurara mata.

"Ni ban san wacce ce sabuwa wacce ce tsohuwa ba," in ji ta. "Abin da na sani, idona yana tafiya. In akwai mai iya kai ni gida kafin ya ƙarasa tafiyarsa, ya kai ni. In na je na dawo sai ku ci gaba da gardamarku."

Ba wanda ya iya musa mata. Aka amince a bar tsohon zanen garin yadda yake, a gwada sabuwar fasahar a gefe.

Sallau ya ɗauki hutu ya zo gida. Kafin ya taɓa kwamfuta sai da ya zauna da kakarsa a tsakar gida yana lura da yadda take gani. Ya ga ba ta neman ƙofa da launinta, duhun bakin ƙofar take bi. Ya ga tana gane lokacin salla da inda inuwar rumbu ta kai. Ya koma Kano ya rushe akwatunan ashanar nan, ya sake gina garin lungu-lungu, ya ba shi rana mai tafiya daga hantsi zuwa almuru. Ya ƙarfafa bakin kowace inuwa fiye da yadda na'urar ke yi da kanta, don idon da ya raunana ya iya kamawa. Kwamfutarsa takan yi zafi har sai ya juya mata fanka shi ya zauna cikin gumi. Hutunsa ya ƙare bai huta ba, amma ya gama. Aka aiko wa Iya. Wayarta ta ɗauki zafi kamar an ciro ta daga toka, ta sandare, ta mutu.

Barira ba ta tsaya cewa ai na faɗa ba. Ta tsara yadda za a riƙa yin lissafin mai nauyi a wata babbar na'ura a birni, ƙaramar waya kuma ta karɓi hoton da aka riga aka gama, kamar mai kallon fim. Sabis ɗin Sabuwar Kanya ba shi da ƙarfi, sai ta ɗaura ɗamara ta hau tankin ruwan garin da kanta ta kafa na'urar jawo shi, mata suna ƙasa suna salati. Ta kuma gyara tsarin yadda in sabis ya yi ƙasa, ƙananan ado ne za su fara ɓacewa, haske da inuwa su tsaya. Ita da Sallau sun sha ja-in-ja a kan wannan, shi yana kare kowane ganye, ita tana aske shi. A ƙarshe ba wayar Iya kaɗai ba, har ta mai shayin bakin kasuwa ta buɗe garin ba tare da ta yi ɗumi ba.

Iya Marka ta kai wayar kusa da ido. Karon farko bayan tsawon lokaci, ga shi tana ganin abu a ciki. Ta ga bango, ta ga hanya, ta ga ruwa yana ƙyalli. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Masha Allah, gari ya yi kyau. Na su wane ne?"

Ashe duk inda ba a gaya wa na'urar komai ba ta yi gaban kanta. Ta shuka dabino a inda kanya take, ta shafe katangu da farar ƙasa, ta miƙar da lungunan da ke da lanƙwasa, ta sa rana tana faɗuwa a bayan kasuwa maimakon ta gefen rafi.

Tanimu ya jira ƙarshen bazara, lokacin da ruwan madatsar ke ja da baya. Ya bi masunta a kwale-kwale zuwa inda garin yake, ya sauka cikin taɓo har gwiwa. Ya lalubo tushen katangu da ƙafarsa, ya gano kututturan kanya, ya sami bakin tsohuwar rijiya, ya auna gabas da yamma daga harsashin masallaci. Ya ɗebo jar ƙasar wurin a leda don a ga ainihin launin gini. Ya dawo da zazzaɓin da ya kwantar da shi, da ya tashi kuma ya shiga mota yana bin tsofaffin da suka warwatsu, wannan a Gombe, wancan a Maraɗi, yana tambayar wa ke maƙwabtaka da wa, ta ina mata ke bi zuwa rafi. Inda biyu suka saɓa sai ya nemi na uku. Inda ba wanda ya tuna sai ya ce a bar wurin fili. Sannan ya zauna da Sallau suka riƙa tuge abin da na'ura ta ƙirƙira ɗaya bayan ɗaya.

Wata Juma'a da la'asar aka shimfiɗa wa Iya tabarma a tsakar gida, jikokin nan uku suna gefenta, sauran jama'a kuma sun cika dandali daga garuruwansu. Barira ta riƙe mata wayar tana tafiyar da mutum-mutuminta. Iya ta ƙura ido, sannan ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Ga inuwar kanya ta faɗo kan rijiya. In ta kai nan ake kiran mu mu koro awaki. Ƙawata, bi ta hagu."

Barira ta bi ta hagu.

"Lungun nan yana da duhu ko da rana tsaka, gidan su Delu ne ya tare shi. Wuce. Yanzu haske zai buɗe."

Haske ya buɗe. Ba wanda ya ƙara nuna mata hanya, ita ce ke nuna musu, tana kiran sunayen masu gidaje, jikokinsu suna amsawa daga Legas da Agadas. Aka jiyo sheshshekar wani dattijo daga Maraɗi. Ita kuwa Iya dariya take yi, tana tsokanar matattu kamar suna zaune a ƙofar gidajensu. Da suka iso wani zaure mai fuskantar rafi ta ce a tsaya. Gidan mahaifinta ne. Bakin zauren a buɗe yake, ba ƙyaure.

Tanimu ya ce, "Iya, na tambayi kowa yadda ƙyaurenku yake, ba wanda ya tuna. Shi ya sa na hana a sa wani."

"Ka kyauta, maigidana," in ji ta. "Ba ni ka tambaya ba ai. Ku ɗaga katifata."

Suka shiga ɗaki suka ɗaga. Abin da duk suka ɗauka katakon gado ne, ashe ƙyauren maɗaci ne mai ƙusoshin ƙarfe, an sassaƙa masa zane a tsakiya. Ranar da aka tashi garin mahaifinta ya cire shi ya ɗora wa jaki, shi kaɗai ne abin gini da ya fito daga Rafin Kanya. Aka fito da shi rana, aka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, kafin magariba Sallau ya kafa shi a zauren da ke cikin waya.

Gardamar gari ta mutu a ranar. Aka koma sabuwar fasahar bisa sharaɗi biyu: ba za a sa abin da zai hana ƙaramar waya shiga ba, kuma na'ura ba za ta ƙara ko tsinke ba sai wani dattijo ya shaida. Ba a kafa gari na biyu ba.

Saura ƙyaure na gaske. Iya Marka ta ce ta gaji da kwana a kansa, kuma tana son ta ba da shi da hannunta ga wanda ya mayar da ita gida. Ba a raba ƙyaure, in aka tsaga shi ya zama itacen wuta. Ta kuma ƙi yarda a ce na kowa ne, ta ce abin da aka bar wa kowa gara ke cinye shi a bayan ɗaki, ita mutum ɗaya take so wanda za a tambaya in ya lalace.

Sai dai da ta zauna zaɓe abin ya gagare ta. In ta tuna Sallau, sai ta ga ba don hasken da ya kawo ba, da har yau toka-toka take gani, komai gaskiyar zanen da sauƙin buɗe shi. In ta tuna Barira, sai ta ga ba don ita ba, da garin yana can kulle a kwamfutocin birni, ita da maƙwabtanta suna jin labarinsa. In ta tuna Tanimu, sai ta ga ba don shi ba, da an kai ta garin wasu an ce mata gida ne. Su ukun kuma ba wanda ya ce a ba shi, ba kuma wanda ya ce ba ya so.

Har yanzu ƙyauren yana jingine a zaurenta, tana zaune kusa da shi tana cin goro, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta tambaye shi. Ni ma ta tambaye ni, na ce zan kawo muku.

To, tsakanin wanda ya kawo hasken, da wadda ta buɗe hanyar, da wanda ya tsayar da gaskiyar garin, wa ya kamata Iya Marka ta ba ƙyauren?