Gidan da Sarki Ya Ba Jatau a Kwari

An ce wai a can ƙasar kurmi, inda ruwan sama ba ya yin nisa, an yi wani sarki mai suna Barmo. A ƙasarsa akwai wani tudu lulluɓe da manyan itatuwan loko da maɗaci, duhuwarsu ta kai ko da tsakar rana ba ka ganin inuwarka. A kwarin da ke gindin tudun manoman goro ke zaune, cikinsu har da wata dattijuwa, Tabawa, da mijinta.

Tudun kuwa gadon wani attajiri ne, Jatau. Ya kawo masu zarto, suka kwantar da rabin kurmin, aka yanka katako aka tafi da shi. Da damina ta kankama, wata rana Tabawa tana kasuwa, aka tsuge da ruwa. Ƙasar tudun ta zame jajawur, ta binne gefe guda na ƙauyen. Da ta dawo, ta tsaya tana waige-waige, ta kasa gane inda gidanta yake. Da hannu aka tono gawar mijinta.

Bayan an yi jana'iza ta nufi fada, aka kirawo Jatau.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun ina yarinya ake ruwa a kan tudun nan, bai taɓa sauko mana da ƙasa ba, don saiwoyi na riƙe da ita. Yau ga ni ba gida, ba miji. Kuma na ji wai sauran ma zai sare."

Jatau ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, itatuwa nawa ne, kowa ya san gado na ci. Ruwa kuwa na Allah ne, ba ni na saukar da shi ba. Sara daban, ambaliya daban."

Sarki ya duƙar da kai yana auna maganar a ransa. Ƙwace wa mutum gadonsa zalunci ne. Barin talakawa ƙasa ta rufe su ya fi zalunci. Can ya ɗago kai ya dubi Jatau.

"Ka tabbata babu abin da ya haɗa su?"

"Ko kusa, ranka ya daɗe."

"To, gaskiyarka. Je ka sare sauran."

Tabawa ta bi sarki da kallo. Wannan ne sarkin da ake yabo da adalci?

Sarki ya ci gaba: "Kuma tun da an ɓata maka suna a banza, zan yi maka kyauta. Na ba ka fili a kwari, daidai inda gidan baiwar Allahn nan yake. Ni zan gina maka. Ka tare da iyalinka duka kafin zarto ya taɓa itace ɗaya."

Jatau ya zabura, rawaninsa ya kwance. "A gindin tudun? Ranka ya daɗe, in aka sare sauran ai rufto mana zai yi! 'Ya'yana ƙanana ne!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa.

Tabawa ta juyo ta zuba masa ido. "Ashe ka sani, Jatau? Tun kafin ka sare, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Bakinka ya ba da shaida, ba na neman wata. Tudu naka ne har gobe, amma ba a ƙara sare ko reshe. Ka biya diyyar mamata, ka gina wa rayayyu, ka dasa abin da ka kayar. Kyautata kuma tana nan, ban janye ba. A kwari za ka zauna, har dashen ya yi saiwar da za ta riƙe ƙasa."

An ce tun daga ranar babu wanda ya kai Jatau tsaron kurmin nan. In ya ji ƙarar gatari, ko takalmi ba ya tsayawa sawa.

Duk wanda ya ce ɓarnarsa ba ta cutar da kowa, a zaunar da shi inda take sauka, za a ji abin da ya daɗe da sani.