Rijiyar da Jakuna Suka Haƙa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, muna saurare.

Jakuna ne suka yi gayya suka haƙa rijiyar gari. Da Zaki ya buɗe makaranta, sai Malama Kura ta karantar cewa kakan Zaki ne ya haƙa ta.

Shekarar da aka yi fari, wani tsohon Jaki ya zo shan ruwa. Mai gadin rijiyar ɗansa ne, wanda ya zo na ɗaya a ajin Kura.

Ɗan ya hana shi, ya ce, "Baba, ruwan gidan Zaki ne."

Jaki ya ce, "Dubi bayana, ɗan nan. Ɗaukar ƙasar rijiyar nan ce ta cinye shi."

Ya ce, "Baba, wannan ba ya cikin littafi."

A bakin rijiyar ƙishirwa ta kashe tsohon.

Ƙurunƙus kan kusu, amma ni ban yafe ba sai an gyara littafin nan.