Taure a Jam'iyyar Masu Fiƙa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu naka ne.

Masu Ƙaho ne suka zaɓi Taure ya wakilce su a majalisar dawa. Da ya ga Masu Fiƙa sun yi rinjaye, sai ya sauya sheƙa.

A zaman farko Kura ta matso kusa da shi tana haɗiyar yawu, ta ce, "Mai girma wakili, ka yi ƙiba."

Taure ya ja da baya. Ya ce, "Wallahi kumburi ne!"

Sai Zaki ya ce, "A kaɗa ƙuri'a kan naman walima."

Taure ya arce wurin Ɓauna, shugabar Masu Ƙaho, yana haki. "Yaya, na dawo gida!"

Ta ce, "Kujerarka mun ba Rago, sai dai bakin ƙofa."

Har yau can Taure yake kwana, ko ganye ya motsa sai ya zabura.

Ƙurunƙus kan kusu, wutsiyar ta mai gyangyaɗi ce.