Waɗanda Ba Su Zo Awo Ba

Masu riƙe da labarai sun ce a wata jami'a ta ƙasar Hausa an yi wani tsohon kunkuru da ke zaune a lambun Sashen Ƙididdiga, daidai ƙarƙashin tagar ajin 'yan shekara ta uku. Malamai sun zo sun yi furfura sun tafi, shi yana nan yana cin ganye, yana jin darasi ta taga ba ko sisi. Da za a ba shi alƙalami da ya ci jarrabawa, sai dai kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa.

A cikin 'yan ajin akwai Lantana, 'yar wani ƙauye da ake kira Gangarar Tsamiya. Mahaifinta, Malam Tanimu, ya haƙa rijiya sadaka kusa da tsofaffin ramukan masu haƙar ma'adini, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Bayan haka yaran unguwar suka shiga rama da amai, mutane suka fara ƙus-ƙus cewa ruwan ne. Baffanta, wanda shi ne dagacin garin, ya ce tunda ita ke karatun, ta duba ta gaya masa ko a rufe rijiyar ko a bar ta. Ta ɗauki aikin ta mai da shi aikinta na darasin gwajin hasashe.

Ran nan bayan la'asar ta zauna a bencin lambun, kwamfuta a cinya, waya a hannu, tana murmushi hawaye na zuba. Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "'Yar nan, labarin zuciya a tambayi fuska, amma taki ta ba ni labari biyu. Wanne zan kama?"

Ta ce, "Na farin ciki, Kaka. Na auna nauyin yaran da ke shan rijiyar Baba da na masu shan famfon makaranta. Na fara da hasashen cewa babu bambanci, kamar yadda aka koya mana. Lissafi ya fito, adadin da muke kira pi, wanda da shi muke yanke hukunci, ya haura kashi biyar cikin ɗari, ka ga ba ni da hujjar ture hasashen. Rijiyar Baba lafiya lau take. Yanzu zan buga wa Baffa, yana jira ya sa a sanar a masallaci."

Kunkuru ya ce, "Sauri ya haifi nawa. Ajiye wayar ki ba ni aron hankalinki, don ina tsoron abin da ya sami Madugu Sallau a mashigin kogi ya same ki."

Ta ce, "Me ya sami Madugu Sallau?"

Kunkuru ya gyara zama, wanda a wurinsa aiki ne babba, ya ce:

A zamanin fatauci an yi wani madugu, Sallau, mutum mai lura, wanda ba ya jefa ayarinsa inda bai bincika ba. Wata shekara damina ta riske shi da jakunan kanwa a bakin wani kogi. Hanya biyu ce. Ko ya ratsa ta mashigi ya isa kasuwa da wuri, ko ya yi dogon zagaye ta inda ruwan ya tsuke. Sai ya sauka a zangon bakin kogi, ya zauna yana tarar duk wanda ya hauro daga ƙetare yana tambayarsa yaya ruwa. Wannan ya ce iya ƙugu, wancan ya ce lafiya ƙalau, wani ma ya ce ko tuntuɓe bai yi ba. Madugu ya ji daɗi, ya ce a ɗaura kaya.

Mai zangon wata tsohuwa ce, Kande, wadda mijinta ya shiga mashigin nan shekarun baya bai fito ba. Ta kawo masa fura ta durƙusa ta ce, "Madugu, Allah ya ba ka nasara, waɗanda ruwa ya bari kake tambaya. Kada ka yi irin duban da Barau ya yi wa rumbunsa."

Madugu ya ce, "Inna, wane irin duba Barau ya yi?"

Tsohuwa ta ce:

Barau manomi ne a garinmu. Wata kaka Allah ya ba shi gero, ya cika babban rumbu da ƙarami. Ana nan matarsa Dije ta ce masa, "Malam, na ga hanyar gara a gindin babban rumbu." Barau ba malalaci ba ne, nan take ya sa tsani ya hau, ya buɗe, ya zaro dami ɗaya daga sama. Tsab. Ya ƙara zaro na kusa da shi, shi ma tsab. Ya sauko yana kaɗe hannu ya ce, "Na duba, babu komai." Da ya natsu da babban, sai ya rabar da na ƙaramin ga dangi masu biki da masu suna, don shi mutum ne mai buɗaɗɗen hannu.

Suka yi ta ci daga sama har bazara. Ranar da suka kai tsakiya, ya sa hannu zai ɗago dami, hannun ya nutse cikin ƙasa. Gara ta cinye rumbun tun daga gindi, ta bar masa na sama kamar hula. Daminar nan da yunwa suka yi noma, autarsu kuwa ba ta ga kaka ba. Bayan an dawo daga binne ta, Barau ya zauna gindin rumbun yana maimaita magana ɗaya: "Ban ga gara ba, sai na ce babu gara."

Tsohuwa ta ce, "Ka ji, Madugu. Mai miya ma sai ta juya tukunya take ɗanɗanawa."

Madugu ya yi mata godiya, ya ce, "Inna, na ji, amma gani ya kori ji. Mutanen nan da idona na ga sun fito." Da safe ya sa ayari gaba. Ashe a tsakiyar mashigin akwai gurbi mai zurfi, wanda ya kauce masa ba zai taɓa sanin yana nan ba. Na gaba suka wuce ruwa iya ƙugu. Ƙanensa Gambo, wanda ya rena tun rasuwar iyayensu, ya ratse kaɗan don ya taro wani jaki, ruwa ya rufe a kansa.

Madugu ya fita a ƙetare ya zauna a kan yashi, bai ce a sauke kaya ba, bai ce a tafi ba. Can wasu matafiya da za su ƙetara suka iso, suka tambayi mutanen ayarin yaya ruwa. Wani ya buɗe baki zai ce iya ƙugu, Madugu ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Ku tambayi Gambo." Suka ce ina Gambon? Ya nuna musu kogi.

Da kunkuru ya kai nan a labarinsa, sai ya ce, "Ka tambayi wanda ya haye, labarin hayewa zai ba ka. To, 'yar nan, yaya kika tara yaran da kika auna?"

Lantana ta ce, "Mai shela na sa ya zaga, iyaye suka kawo su ƙofar gidan Baffa."

"Su nawa?"

"Goma sha biyu ta kowane ɓangare."

"Damin Barau biyu ke nan, kuma na sama. Yaron da ke kwance ba ya iya ɗaga kai, uwarsa ta kawo shi layi a rana?"

Ta ce, "A'a."

"Waɗanda aka tafi da su asibitin birni fa?"

Ta girgiza kai. Murmushin nan ya riga ya tafi. Kunkuru bai yi tambaya ta gaba ba, don ya ga ta riga shi isa wurin. Yayarta Baraka tana da 'ya, Indo, 'yar shekara uku, wadda Lantana ke goyo duk hutu. Gidansu ne ya fi kowane kusa da rijiyar. An binne Indo kafin Lantana ta je da sikelinta, kuma ko sau ɗaya ba ta zo mata a rai ba lokacin da take jera lambobi. Ta kifa kai a kan kwamfutar ta yi kuka mai ciwo, kunkuru ya ƙyale ta har ta gaji.

Da ta ɗago ta ce, "Kaka, ashe rijiyar Baba ce ta kashe ta?"

Ya ce, "Ban ce ba. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, abin da nake so ki riƙe ke nan. Kowace shekara ina jin malaminku ta tagar nan yana faɗa har muryarsa ta dushe, ku kuna duban agogo: rashin hujjar ture hasashe ba shaidar gaskiyarsa ba ne. Alƙalin da ya saki mutum don ba a kawo shaidu ba, bai rantse cewa bai yi sata ba. Ke kuwa shaidun naki ma a gida kika baro su."

Ta ce, "Don Allah Baba ya haƙa ta. Ya sayar da shanun nomansa. Yanzu ni da bakina zan ce a rufe, mutane su ce 'yarsa ma ta yarda?"

Kunkuru ya ce, "So hana ganin laifi. Kin tafi neman wanke mahaifinki ne, shi ya sa da lissafi ya yi miki shiru kika ji kamar ya ce e. Kuskure iri biyu aka koya muku. In kun rufe rijiya mai kyau, mata za su sha tafiya zuwa famfo, a yi ta surutu, ranar da gaskiya ta fito a buɗe. In kun bar mai cuta a buɗe, wannan kuskuren ba a gyara shi. Ki auna su biyun, tunda awo kika iya. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kuma ki gaya mini, da Malam Tanimu na raye ya ji yara na rama, wa zai riga shi ɗora mata murfi?"

Lantana ta ɗauki wayar. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Na ji, Kaka, na kuma karɓa." Ta buga.

Bayan sun gaisa ta ce, "Baffa, a rufe rijiyar Baba tukuna. A ɗebi ruwan a kai inda ake gwadawa. Ni ma zan dawo in sake aikin gida gida, har da na kwance, har da na asibiti."

Baffa ya ce, "To, Lantana. Amma jiya kin ce mini lissafin ya kusa fitowa. Me ya nuna?"

Ta ce, "Lissafin bai ƙirga Indo ba, Baffa."

Baffa ya ce, "Kafin magariba an rufe."

Kunkuru ya mai da kansa cikin ƙoƙonsa. Iyakar hikayar ke nan, in kunne ya ji, jiki ya tsira.